Tarin Inna da Kunyar Ɗan Fari

A garinmu ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ke ce da ciki, ke ce da naƙuda, ke ce da ruwan zafi safe da yamma, amma da zarar ya faɗo sai ki kawar da kai kamar baƙon maƙwabta ne ya iso. Ba kya kiran sunansa, ba kya yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka ba ke za ki fara tashi ba. Wadda ta kuskura ta tashi ta shiga bakin mata ke nan, har ta tsufa ana ba da labarinta a gidan suna. Ni kaina 'yar fari ce, kuma har yau ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Ke" take ce mini. In na yi abin kirki ƙwarai, ta ce "ke ɗiyag ga". Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, don na san wadda take ɓoye mini ƙanzo in ƙannena sun yi barci.

Da cikina na fari ya tsufa, maigidana ya ɗauko mota daga Jega ya kai ni ƙauyenmu na ƙasar Maiyama, kusa da Karaye, don in haihu a gaban iyayena kamar yadda ake yi. Damina ta riga ta zauna, gero ya kai gwiwa. Inna ta fito tarbata tana dariya, sai na ga zanenta ya zagaye ta har ya wuce inda ya saba tsayawa. Ƙashin wuyanta ya fito. Ba ta kai ga gama yi mini sannu da hanya ba tari ya sarƙe ta, ta dafa bango, muka tsaya muna jira ta gama.

Na ce, "Inna, wanga tari hwa?"

Ta ce, "Na albasa na. Tun kaka nika yi nai. Shina tahiya."

Kowa a gidan ya yarda na albasa ne. Babanmu manomin albasa ne, yana ajiye ta a rudu, wato rumbun albasa, har ta yi tsada sannan ya kai kasuwar Aliero, kuma Inna ce mai shiga tana juya ta tana fitar da ruɓaɓɓu. Wanda ya taɓa shaƙar wannan ɓawon ya san yana sa tari. Sai dai tarin albasa yana wucewa in an bar rudu, wannan kuwa ya ci rani ya shigo damina.

Ni na san wani tari irinsa. A gidan hayar da muke zaune a Jega akwai wata matar direba da ɗakinmu ke kallon nata. Tarin fuka ya kama ta, ni ce nake raka ta asibiti karɓar magani, don mijinta kullum yana hanya. A can na ji malamar asibiti tana yi musu bayani, har na haddace saboda maimaici. Ta ce wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, mai jikin maiƙo da taurin rai, ba ta gaggawar yaɗuwa a jiki kuma ba ta gaggawar mutuwa, shi ya sa maganinta wata shida ne cur, ba fashi. Ta ce a iska take tafiya. Mai ita ya yi tari ko magana ko atishawa, sai ta fito ta tsaya tana yawo a ɗaki, wanda ke ciki ya shaƙa. Rana da iska suna kore ta, rufaffen ɗaki kuwa nan ne gidanta. Maƙwabciyata ta sha magani har ta yi kumatu, ta ce ta warke, ta bar zuwa. Da ciwon ya dawo bai ji maganin farko ba. Ina nan a tsakar gida aka fito da gawarta, mutum biyu ma sun isa ɗaukarta.

Na haihu lafiya, namiji. Ungozoma ta yanke cibi ta wanke shi, ta wuce ta gabana da shi ta miƙa wa Inna. Inna ta karɓa ta ce, "Ango ya iso." Tun daga ranar ba ta da wani suna gare shi sai angona, irin wasan kaka da jika. Ta ce mummuna ne, ta ce bai zo da kuɗin cefane ba, ta ce da ganin hancinsa marowaci ne, duk tana faɗa tana shinshina kansa.

Ɗakin jegon ɗakin Inna ne. Ni ina kan gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashina, ita da yaron suna kan katifa a ɗaya gefen. Tagar ɗakin 'yar ƙarama ce, ita ma an toshe ta da tsumma, an saki labule mai kauri a ƙofa, don sanyin damina in ya shiga jikin mai jego, in ji mata, ba ya fita har kabari. In lokacin shan nono ya yi, Inna ta kawo shi ta ce, "Ke, ba shi shi sha." In ba shi ina kallon bango. Da ya saki ta ɗauke abinta, ta kwantar da shi a ƙirjinta, bakinta dab da goshinsa. Ta yi masa tofi da safe, ta yi masa da yamma. In tari ya taso mata takan juya kai gefe, amma wani lokacin yakan riga ta.

Mutane suna cewa mai jego ba ta da aiki sai ci da barci. Ni cin ma da ƙyar nake yi. Ana kawo mini kunun kanwa da gasasshen nama da yaji, ina tauna ina sauraren ƙirjin Inna. Na koyi kallon yaro da wutsiyar ido har na ƙware. Duk tarin da ta yi sai in ji kamar ina ganin abin yana fita daga bakinta yana sauka a fuskarsa, in riƙe numfashina, kamar riƙewar tawa za ta hana shi shaƙa.

Wata safiya bayan suna, na fito daga wanka na tarar da gwangwanin da take tofa kaki a bayan ƙofa. Toka take zubawa a ciki. Ranar ba ta kai ga rufewa da tokar ba. Akwai jini, ba mai yawa ba, zare-zare. Na tsaya da ganyen wanka a hannuna, jikina yana tururi. Na taɓa matashin kanta na ji shi sharkaf da gumi, alhali da asuba har mayafi ake ja.

Maganar yaro ba ta faɗuwa a bakina, amma maganar Inna tana faɗuwa. Na sami Baba a zaure yana gyaran fartanya, na durƙusa na gaya masa abin da na gani. Baba mutum ne da in abu ya fi ƙarfinsa sai ya aika a kira yayarsa, don haka washegari sai ga Goggo daga Aliero a bayan kabu-kabu, babur ɗin haya, da ƙullin sassaƙe a hannu.

Goggo ba ta da mugunta, amma ba a taɓa yin abin da ba ta riga ta sani ba. Ta dubi Inna sama da ƙasa, ta sa ta yi tari ta ji, ta gyaɗa kai. Ta ce ko ma tarin fuka ne, ai ba yau aka fara ba, an san yadda ake yi da shi. Ta sa aka ware wa Inna kwano da moɗa da ludayi, ta ɗaura wa kowanne jan zare don kada a yi kuskure. Ta hana ƙannena cin ragowarta. Ta ce ko a randa kada moɗar Inna ta shiga, sai dai a zuba mata. Gida ya ɗauka an gama magana. Baba ya yi ajiyar zuciya ya koma gona. Inna ta karɓi kwanonta mai jan zare, ta gama cin tuwonta ita kaɗai, ta wanke hannu, ta ɗauki angonta ta rungume.

Abin ya ba ni haushi. An tsare ludayi, an tsare moɗa, an bar yaro yana kwana a bakin tari. Na daure na ce, "Goggo, a asibiti cewa sunka yi ba kwano na ba. Ga iska shika bi. Da an buɗe tagag ga."

Ta ce, "A buɗe ma mai jego taga cikin damana? So kika yi ki kumbure?"

Na ce, "To ko yaron ga..."

Ban ƙarasa ba. Akwai mata biyu 'yan barka a ɗakin, suka dubi juna. Goggo ta riƙe haɓa ta ce, "Yaron wa? Ke ji min ɗiyan zamani. Ɗan hwari, ko arba'in ba a yi ba, har kin san da yaro. Mu da munka yi namu, in an aje shi kusa gare mu tashi mukai mu bar wurin." Matan suka yi dariya, ɗaya ta ce ai zaman Jega ne, birni ya wanke mata ido. Inna ba ta yi dariya ba. Ta sunkuyar da kai, na ga kunyar da na ja mata ta rufe ta har wuya.

Maigidana mahauci ne. Yakan zo ranar da ba kasuwa da ƙauri da kayan ciki, ya tsaya a zaure, don shi ma ba ya haɗa ido da surukarsa, balle ya tambayi ɗansa. Na fita na gaya masa komai da ƙaramar murya. Na zaci zai kwantar mini da hankali. Sai ya zauna a kan dakali ya ce shi ya san abin. Ya ce akwai saniyar da za ka ga tana tari tana ramewa, in an yanka aka buɗe ƙirji sai ka tarar da huhun duk ƙulle-ƙulle farare, in ka tsaga ɗaya wani abu ya fito kamar cuku, malaman duba nama su ce a haƙa rami a binne. Yana faɗa yana kallon hannunsa. Na ce ya isa haka. Tun daga ranar ban ƙara iya cin huhu ba, kuma duk lokacin da aka tuɓe yaron za a yi masa wanka, ƙirjinsa nake kallo, ɗan abin da bai fi tafin hannuna ba.

Na ce, "To kai ka yi magana mana."

Ya ce, "In ce mi? In ce ma Inna ta aje min ɗana, tana da cuta? Da wane baki?"

Gaskiya ya faɗa, amma ranar ban so gaskiyarsa ba. Na juya na shige gida ban yi masa sallama ba.

Aka yi arba'in, aka kashe wutar gado, amma ban koma Jega ba, don mai haihuwar fari sai manya sun ce ta koma take komawa, Inna kuwa ta ce angonta bai yi ƙwari ba tukuna. A nan ta fi kowa gaskiya. Yaron da ya fara cika hannu sai ya tsaya. Zaren da aka ɗaura masa a ƙugu ranar suna, maimakon ya matse sai ya fara juyawa. Yakan kama nono ya ja kaɗan ya saki, ya huta, kamar wanda ya hau tudu. Da la'asar jikinsa ya ɗumama, da safe ya huce, a ce ai haƙori ne, yaron da ko wuyansa bai tsaya ba. Kukansa ma ya zama siriri. Mata suna yaba shi, wai ba shi da rigima.

Abin da ya fitar da mu daga ɗakin nan allura ce. A gida aka haife shi, ba a yi masa allurar kafaɗa da ake yi wa jarirai ba, ga shi mai unguwa ya sa an yi shela cewa a riƙa kai yara. Na ce wa Baba ya kamata a bi maganar mai unguwa. Ban ce ɗana ba, na ce maganar mai unguwa. Ya yarda. Kuma tunda yaron na Inna ne, ita za ta goya shi, ni in bi su a baya a matsayin mai nono. Haka muka hau kabu-kabu biyu zuwa Maiyama, ina bayansu ina kallon ɗan kansa yana rangaji a bayanta, ina roƙon Allah ya sa ta yi tari a gaban wanda ya san tari.

Ta yi kuwa. Muna kan benci tari ya kama ta, irin mai tsawon nan. Malamar da ke auna yara ta ɗago kai ta bar abin da take yi. Ta zo ta durƙusa ta gaishe ta, ta tambaye ta tun yaushe. Inna ta ce na albasa ne. Malamar ta ce to, Allah ya sawwaƙe, amma a bar su su duba albasar. Ta ba ta 'yar roba mai murfi ta ce ta je bayan gini, inda iska take, ta kakaro daga can ƙasan ƙirji. Inna ta je ta dawo da yawu zalla, don ita a duniya ba za ta tsaya tana kaki a inda maza ke wucewa ba. Malamar ta ɗaga robar ta duba, ta ce wannan ba zai nuna komai ba. Ta ba ta wata, ta ce da asuba kafin ta ci komai, ta kuskure baki, ta ja numfashi sosai, ta kawo na gaske. Ni ma ta ba ni tawa. Sannan ta ɗora yaron a sikeli, ta dube shi, ta dubi sikelin, ta ce yau ba za ta yi masa allura ba, likita ya kamata ya fara ganinsa, a Jega.

Kakin ma Jega aka kai shi, can na'urar gwajin take. Ba a daɗe ba aka kira wayar Baba. Nawa ba a ga komai ba. Na Inna an gani, kuma an ce Allah ya taimaka irin mai jin magani ne. Baba ya shigo tsakar gida ya faɗa a tsaye. Inna tana zaune da yaron a cinya, ta ce, "To ai an ware min kwano."

A Jega likitan ba ɗan ƙasarmu ba ne, Hausarsa ta gabas ce. Muka shiga mu uku, Inna da goyo, ni a bayanta, maigidana ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda ya raka baƙi. Likita ya sa aka ba Inna ƙyallen rufe baki da hanci, ya sa aka buɗe tagogi duka. Ya ce, "Wace ce mahaifiyarsa?"

Inna ta ce, "Nawa na."

Ya dube ta ya dube ni, ya gane. Ya ce, "A wurin wa yake kwana?"

Ta ce, "Wurina. Bisa ƙirjina."

Ya ajiye alƙalaminsa. Ya yi mata bayani a hankali, da ladabi, cewa wannan cuta ba ta bin kwano ko ludayi, numfashi take bi, kuma jariri ba shi da ƙarfin da zai tsare ta a wuri ɗaya kamar babba. In ta shige shi tana iya bazuwa ko'ina, har ta hau kai ta zama sanƙarau. Ina kallon bayan Inna. Na ga kafaɗunta sun sauka. Hannunta da ke tallafe da goyon ya saki, ya sake kamawa.

Sai ya fara tambaya. Yaya shan nononsa? Inna ta ce yana sha. Zazzaɓi fa? Ta ce ɗan ɗumi ne na yara. Yana tari? Ta ce ba ta ji ba. Ba ƙarya take yi ba. Nata tarin ya hana ta jin nasa, kuma wanda ke riƙe da abu kullum ba ya ganin ramarsa. Na ga likita ya ɗauki alƙalami zai rubuta abin da ta faɗa. Na ga za a sallame mu da maganin zazzaɓi, mu koma, in ci gaba da kallon bango har ranar da za a fito da shi a tabarma.

Na ji muryata ta ce, "Likita, ba ya sha."

Inna ta waiwayo. Ban dube ta ba. Na ce yana ja kaɗan ya saki yana haki. Na ce nonon dama ma ya daina karɓa, don in an kwantar da shi ta wannan gefen numfashinsa yana yin wata ƙara. Na ce zazzaɓin kullum ne, daga la'asar, kuma gumi yana jiƙa masa ƙeya. Na ce yana tari, ƙaramin tari busasshe, yawanci bayan Inna ta gama nata. Na ce zaren ƙugunsa da yatsa ɗaya ke shiga yanzu biyu suna shiga. Na ce ya daina bin haske da ido kamar da. Ina faɗa ina kuka, a gaban uwata, a gaban mijina, har na kira shi ɗana ban san na kira ba.

Inna ta ce, a hankali, "Duk yaushe kig ga wanga?"

Na ce, "Kullum, Inna."

Aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Jariri ba ya iya kaki, don haka kashinsa aka karɓa aka kai na'ura. Likita ya ɗaga hoton a jikin haske ya nuna mana wani farin gajimare a tsakiya, kusa da inda maƙogwaro ya rabu biyu, ya ce kaluluwa ce ta kumbura, cutar ta shiga. Ya ce bai ga alamar ta hau kai ba, amma ba zai yi mana alkawarin abin da ke hannun Allah ba. A fara magani yau. Ya ce in ci gaba da ba shi nono. Ya ce ita ma Inna in ta riƙe maganinta ba fashi, bayan 'yan makonni ba za ta ƙara zama haɗari ga kowa ba, amma kafin nan a raba musu ɗaki.

A harabar asibitin, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, Inna ta tsaya ta kwance majanyi. Ba ta miƙo mini shi ba. Ta sunkuya ta juya mini baya ta ce, "Ɗauke shi." Na ɗauke shi daga bayanta, da ɗuminta a jikinsa. Ta naɗe majanyin ta ba ni, ta ce wa maigidana, karo na farko da na ji ta yi masa magana kai tsaye, "Ka tahi da su gida." Ita ta hau mota ta koma Maiyama, ba ta ko tsaya an sayo mata ruwa ba.

Watannin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba, ba zan ce na ji ba. Maganinsa 'yan ƙwayoyi ne da ake narkawa a cokali, kullum da safe kafin nono. Yakan furzar, in tattaro da yatsa in mayar. Fitsarinsa ya koma ja kamar ruwan goro. An gaya mini haka zai yi, na kuma gani a wurin maƙwabciyata, amma duk da haka ranar farko sai da na ɗauki ƙyallen na ruga asibiti ba takalmi. In ya yi barci mai nauyi in tashe shi, in ya ƙi barci in taɓa maɗigarsa in ji ko ta kumbura. Nakan lanƙwasa wuyansa a hankali in ga ko ya sandare, har maigidana ya ce in bar yaro ya huta, kada in karya abin da cuta ta bari. Ranar awo kuwa tun a hanya nake fara addu'a. Sikelin ya daɗe yana tsaye wuri ɗaya kafin ya fara motsi, da ya fara kuma ban yarda da shi ba sai da aka sake aunawa.

Labarin Inna a bakin Baba nake ji. Ya ce tana haɗiyar ƙwayoyinta da sassafe a gabansa, ba ta taɓa tsallakewa ba, ko ranar da suka sa ta amai. Ya ce ta fizge tsumman tagar da hannunta, ta sa an fasa bango an ƙara wata. Da Goggo ta zo ta ce ai tunda ta yi ƙiba ta bar wahalar da cikinta da ƙwaya, Inna ta ce mata ta sha fura ta kama hanya tun rana ba ta yi ba. Amma ba ta taɓa cewa a kawo mata yaron ba. An gaya mata hatsarin ya wuce, malamar Maiyama ta faɗa, ni na aika, ta ce a bari dai. Ko a waya in na ce ga shi, sai ta ce tana da aiki a wuta.

Sai da aka sake gwada kakinta aka ce ta warke, shi ma likita ya ce ya gama nasa, sannan na goya shi muka tafi. Lokacin yana rarrafe, ya yi nauyin da nake sauya kafaɗa. An fara cirar sabuwar albasa, duk hanya warinta. Muka tarar da tsakar gida cike da mata, don labari ya riga mu. Inna tana zaune a kan tabarma a fili, ta yi kyau, sai dai numfashinta bai koma kamar da ba, kuma har yau bai koma ba. Na sauke shi na ajiye a gabanta na ja da baya, kamar yadda ya kamata.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta miƙa hannu biyu ta ce, "Ango, ka manta da ni?"

Ya manta. Ya dubi baƙuwar fuska, ya taɓe baki, ya juya da rarrafe ya cafke zanena, ya tsandara ihun da sai da kaji suka watse. Mata suka fara, ke ture shi, ke ba ki da ta ido, miƙa mata shi mana. Na sunkuya zan ɓamɓare hannunsa, shi kuwa ya ƙara ƙarfin kuka, fuska ta yi ja, jijiyar wuya ta tashi.

Inna ta ɗaga hannu ta ce, "Ku yi shiru."

Na zaci rarrashinsa za ta yi. Sai ta matso kaɗan, ta sake miƙa masa hannu da gangan, ya sake kurma wani ihun da ya fi na farko. Ta rufe ido tana saurare, hawaye yana bin kumatunta.

Ta ce, "Kak ki ba shi nono tukuna. Bar shi shi ƙara, in ji."